Kuɗin sadaka da ladan mai zanen gini: amsa ga wani ɗan Daura

Tambaya: Ni ɗan Daura ne, ina kasuwanci a Legas. Ni da 'yan'uwana mun haɗa kuɗi za mu kafa gidauniya da sunan marigayi mahaifinmu, wanda magini ne. Niyyarmu mu gina azuzuwan Islamiyya da masallacin unguwa da ƙaramin ɗakin shan magani. Ɗan ƙanena da ya karanta zanen gine-gine a Zariya ya ce mu ware wani kaso don biyan masu zane da koyar da matasa sana'ar. Yayanmu ya ce wannan ɓarnar dukiya ce, kowane birkila ya san yadda ake gina aji, a sayi siminti kawai a fara. Wa ya fi gaskiya? In kuma za a yi, ta yaya?

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai masa ladan abin da kuka ƙudurta. Ɗan naka ya fi kusa da gaskiya, amma ka gaya wa Yaya cewa tsoronsa ba na banza ba ne. Mu masu wannan sana'a mun sha karɓar kuɗin mutane mu miƙa musu takarda mai kyan gani, daga nan ba a sake ganin ƙeyarmu a filin gini. Wanda ya taɓa ganin haka dole ya ce siminti ya fi. Saboda haka ba zan ce ku ba akitek, wato mai zanen gini, kuɗi don kawai yana da takardar digiri ba. Abin da zan ce shi ne, akwai abubuwa huɗu da siminti ba ya saye: tunani kafin a haƙa harsashi, sa ido lokacin da ake aiki, hannun da zai iya maimaita aikin gobe, da kuɗin gyara bayan an yanke ƙyalle an watse. Sadakar da kuke so ta gudana, a kan waɗannan take gudana.

Mu fara da ajin da Yaya ya ce kowa ya iya. Gaskiya ne kowa ya iya irin wanda muka saba gani daga Zango har Mai'aduwa: bulo mai inci shida, kwano a ɗora kai tsaye a kan katako, tagogin ƙarfe biyu a gefe ɗaya, babu silin ko kuwa silin ɗin da zai zubo bayan damina biyu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, je ka tsaya a cikinsa da ƙarfe ɗaya na rana. Kwanon ya ɗauki wuta yana zubo ta a kan yara, bulon rami ne a ciki ba ya tare komai, iska ta shigo ta taga ba ta da ta inda za ta fita. Malam zai kwashe ɗalibansa ya koma gindin darbejiya, ginin da kuka kashe wa miliyoyi ya zama wurin ajiye tabarmi. Ga kuma cunkoso a ɗaki marar iska a lokacin bazara, a ƙasar da ta san sanƙarau.

Gyaran wannan ba wani kuɗi mai yawa yake ci ba. A juya ginin tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayen su kalli kudu da arewa, don kada rana ta dake su da safe da la'asar. A sa taga ta fuskanci taga. A ɗaga rufin a bar rata tsakaninsa da silin, zafi ya sami hanyar fita. A fito da bakin kwano ya yi wa bango inuwa ya kuma kare shi daga ruwa. Mafi yawan hadarinmu daga gabas yake tasowa, alƙiblarmu kuma gabas take, ta ɗan karkata arewa, shi ya sa bangon mihrabi ne ke fara lalacewa a masallatanmu. Wanda ya san haka zai ba shi kariya ta musamman tun daga zane. Sai maganar inda za a dasa ginin. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayukan mutum fiye da 40, ta tuna mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Filin da aka ba ku kyauta a cikin rani yana iya zama kwari da damina. Duk waɗannan shawarwari ne da ake yankewa kafin a sayi buhu ɗaya, in an wuce wurin kuma an wuce. Tun ran gini tun ran zane.

Ta fuskar addini a taƙaice: abin da kuka yi niyya sadaka ce da wakafi, ba zakka ba. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma mafi yawan malamai ba su halatta a gina masallaci da ita ba. Ita kuwa sadaka ƙofarta a buɗe take. Ladan mai zane daidai yake da ladan birkila da na mai kawo yashi, duk kuɗin aikin ne. Hadisin da kowa ke kafa hujja da shi a kan sadaka mai gudana ya ambaci ilimi mai amfani a jere da ita, ga ku kuma 'ya'yan magini. Ku zauna da malaminku ya tsara muku lafazin wakafin.

Akwai wurin da aka gwada abin da ɗan naka yake faɗa, ya kuma yi kyau. Ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu. Francis Kéré ɗan ƙauyen ne, ya tafi Jamus da sana'ar kafinta, daga baya ya shiga karatun zanen gine-gine a Balin. Tun yana ɗalibi, a 1998, ya kafa ƙungiyar tara gudummawa shi da abokansa don gina wa ƙauyensu firamare. An gama ta a 2001. Bangon na jar ƙasar wurin ne da aka gauraya da siminti kaɗan aka matse ta zama bulo. Rufin kwano ne, amma an ɗaga shi sama a kan rodi da aka yi wa walda, ƙarƙashinsa kuma akwai silin na bulon ƙasa, iska na ratsawa tsakani. Mutanen gari su suka tara duwatsun harsashi, mata suka ja ruwa. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Ni ba kyaututtukan ne suka dame ni ba. Abin lura shi ne samarin da suka koyi walda da buga bulo a aikin farko su ne suka gina ƙarin azuzuwa da gidajen malamai, wasunsu kuma suka riƙe sana'ar suna cin abinci da ita a wasu garuruwa. Kuɗin gudummawar ya sayi makaranta, ya kuma bar magina a bayansa.

In Yaya ya ce Burkina ta yi nisa, to mu tsallaka iyaka kawai. A jihar Tawa ta Nijar, ƙasar Hausa ce tsantsa, akwai garin Yama. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani magini ɗan garinsu, Falke Barmu, aikin masallacin Juma'a. Ba shi da digiri, manomi ne kuma magini. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Ya yi ta ƙara wa ginin kyau shekara da shekaru, har da hasumiyoyi huɗu da babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ɗin nan, wadda aka kafa a 1977 ake bayarwa duk shekara uku. Sai kuma garin Dandaji, duk a yankin. Tsohon masallacinsu na ƙasa ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Mariam Issoufou Kamara, akitek 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa matsattse. Suka nemo maginan da suka san tsohon ginin tun asali aka yi aikin da su. An kammala a 2018. Mai digiri ta zo da lissafi da sabuwar dabara, tsofaffin magina suka zo da sanin ƙasa da hannu. Wannan haɗin shi nake so gidauniyarku ta saya.

Domin mu ma muna da abin da za mu kawo teburin. Hasumiyar Gobarau a Katsina, mai tsayin kusan ƙafa 50, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta ƙasa ce. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ta ƙasa ce, yau ita ce gidan tarihi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har yanzu ɗaliban zane na zuwa su ɗaga kai su kalli bakan gizonsa. Waɗannan mutane injiniyoyi ne. Sun san azara, wato itacen giginya da gara ba ta ci, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in ratar ta wuce kamar mita 2, sai suka ƙirƙiro hanyar jera ta hawa-hawa a cikin ƙasa har ta tanƙwaro ta zama baka, a rufe babban zaure ba ginshiƙi a tsakiya. Sun san makuba daga ɓawon ɗorawa tana sa yaɓe ya ƙi ruwa. Sun san laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi da gashin jima daga majema da dafara, shi ne simintinsu na rufin soro. Indararo ya fito da ruwa nesa da bango, zanko ya tsare kusurwa. Mahaifinku ya san duk wannan, Alhaji. Tambayar ita ce, a unguwarku yau mutum nawa ne 'yan ƙasa da shekara arba'in za su iya ɗaura bakan gizo?

Kada a ɗauka ina cewa a koma jiya. Ginin tubali yana son yaɓe akai-akai, aikin gayyar da ke yin yaɓen ya ja baya. A Jenne ta ƙasar Mali har yau gari guda ke fitowa kowace shekara a yaɓe babban masallaci, mu kuwa yanzu sai an biya lebura. Giginya ta yi ƙaranci, karofi da yawa sun mutu, katsi ya yi wuya. Sannan akwai abin da masu sha'awar gargajiya daga birni ba sa son ji: talaka yana kallon ginin ƙasa a matsayin shaidar talauci, burinsa ya yi na bulo. Ba ka da ikon ka zauna a gidan kankare mai na'urar sanyi ka ce masa ya yi haƙuri da laka don ta fi kyau a hoto. In za a yi da ƙasa, a yi ta yadda shi da kansa zai gani ya yi sha'awa: harsashi na dutse ko kankare da ya ɗago sama da inda ruwa ke fantsama, bulon ƙasa da aka sa wa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari aka matse da inji, a rufe shi a riƙa yayyafa masa ruwa har wajen mako huɗu kafin a ɗora, lintal na kankare, rufi mai faɗin baki. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injunan buga irin wannan bulo. Ƙasar Daura kuma jigawa ce, yashi ya yi mata yawa a wurare da dama, don haka sai an gwada kafin a yanke shawara. Gwajin farko ma a kwalba ake yi: ƙasa da ruwa, a girgiza, a ajiye, a ga yadda yashi da laka suka rabu. In ƙasar kirki ta yi nisa har kuɗin tifa ya cinye ribar, a yi da bulon siminti, a kiyaye maganar iska da inuwa. Mai zanen da ya nace sai ƙasa ko ta halin ƙaƙa, sunansa yake ginawa, ba ajinku ba.

Wannan ya kawo ni kan inda irin wannan aikin alheri ke faɗuwa, don ya faɗi a hannun manya ma. Hassan Fathy na Masar, wanda duk mai son ginin ƙasa ke girmamawa, ya tsara sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor tsakanin 1945 da 1948. Gwamnati ce ke son ta tashi mutanen daga kan tsofaffin kaburburan Fir'aunoni. Gidajen sun yi kyau, amma mutanen ba su nemi a tashe su ba, abincinsu yana can inda suke, akasarinsu suka ƙi komawa, aikin ya tsaya ba a gama ba. A Legas inda kake, makarantar da ke yawo a kan ruwa ta Makoko, wadda Kunlé Adeyemi ya zana aka gama a 2013 da tallafin ƙungiyoyin waje, ta zaga duniya a hotuna. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye babu yara a ciki, an riga an kwashe su. Masu zanen sun ce dama gwaji ce, amma abin da ya fito fili shi ne ba a tsayar da wanda gyara ke wuyansa ba. Ita kuwa ƙungiyar Architecture for Humanity ta Amurka, wadda aka kafa a 1999 ta yi ayyuka a ƙasashe da dama, ta rufe a farkon 2015 saboda kuɗi sun ƙare. Masu bayarwa suna son kuɗinsu ya tafi ga ginin da za a gani, ba sa son biyan albashi da haya da mai. Ra'ayin Yaya ke nan, a babban mataki.

To mene ne zane da jama'a? Ba taron da ake kiran mai unguwa da liman a nuna musu hoto a kwamfuta su ce madalla ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ɗakin shan magani masu ɗakin mata ne. Su za su gaya maka cewa ba za su zauna jiran awo a barandar da ke kallon majalisar maza ba, cewa ƙofar ɗakin haihuwa kada ta buɗe ga titi, cewa wadda ta zo jinya tana bukatar inda za ta hura wuta ta ɗora ruwan zafi. Ba za su faɗi haka a gaban mazajensu da hakimi ba. Dole a sami mace a cikin masu zanen, ta shiga gida-gida. A Islamiyya, ka tambayi 'yan mata manya me ke sa su daina zuwa. Sau da yawa amsar ban-ɗaki ce, ko babu, ko ƙofarsa na kallon ta maza, ko babu ruwa. Ka tambayi ladan ina ruwan alwala ke kwanciya. Ka tambayi mai shara. Lokacin da aka sake gina garin Ngarannam a jihar Borno don mutanen da rikici ya kora, aikin da aka buɗe a 2022 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, akitek Tosin Oshinowo daga Legas take, ba 'yar yankin ba. Zaman da aka yi da mutanen ne ya sa gidajen suka zo da zaure, don baƙo ya tsaya inda ya kamata ya tsaya. Ƙaramin abu ne a takarda, amma shi ne bambancin gidan da za a zauna da wanda za a toshe wa ƙofa da zana.

Wata dabara mai sauƙi: kafin a haƙa komai, a zana ginin a ƙasa da toka ko farar ƙasa daidai girmansa, a kira masu amfani da shi su shiga su fita. Mutumin da bai iya karanta zanen takarda ba zai gane nan take cewa ɗakin ya yi ƙunci ko ƙofar ba a nan ya kamata ta kasance ba.

Yanzu rabon kuɗin. Wannan shawarata ce, ba doka ba. A duk naira ɗari da za ta tafi gini, ku ware kamar biyar zuwa goma don zane da lissafin injiniya da ƙiyasin kuɗi da sa ido. Ku raba biyan gida-gida, kaso mafi tsoka ya zama na zuwa filin aiki, a rubuce: ranar fitar da harsashi, ranar zuba kankare, ranar ɗora rufi, sai ya zo ya sa hannu kafin a biya ɗan kwangila. Akasari abin da sa ido ke hanawa na satar siminti da rage rodi da sake aikin da aka ɓata yana rufe wannan kuɗin. Kuma kada ku nemi a yi muku zanen kyauta wai don aikin Allah ne. Mai siminti bai ba ku kyauta ba. Aikin kyauta shi ake yi da dare bayan an gaji, shi ake turawa yaron ofis, in ya ɓaci kuma ba ka da bakin magana. In babban akitek ya ce ya yafe nasa ladan, Allah ya saka masa, amma a rubuta yarjejeniya kamar ana biyansa, a kuma biya yaran da za su yi zirga-zirgar.

Na biyu, kowane gini naku ya zama makaranta. Ku ɗauki tsohon magini ɗaya ko biyu a kan albashi, ba a matsayin lebura ba, a matsayin malamai. Ku haɗa su da matasan unguwa da ke son sana'ar, da ɗaliban zane masu neman wurin koyon aiki, daga jami'a ko daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Jami'ar Auburn a Amurka ta fara irin wannan a 1993, ɗalibai suna zama a karkarar Alabama suna zanawa suna ginawa talakawa da hannunsu, kuma har yau ana yi. Ɗalibinmu yakan yi shekara huɗu na digirin farko da biyu na digiri na biyu, ya yi hidimar ƙasa, ya yi aiki ƙarƙashin wani kafin ya zauna jarrabawar rajista, amma yana iya gama duk wannan bai taɓa riƙe tubali ba. Ta fuskar Sarkin Magina za ku bi wajen zaɓen tsofaffin, don sarautar sana'a tana nan kuma ta san wa ya iya, wa ke cika baki.

Na uku, tallafin karatu, amma mai igiya. Zanen gine-gine karatu ne mai cin kuɗi: kwamfuta mai ƙarfi, buga manyan takardu, kayan ƙera samfuri. 'Ya'yan talakawa da yawa a nan suke sarewa, 'yan mata kuma sun fi saurin sarewa, alhali su ne za su iya shiga cikin gida su ji ta bakin mata. Ku ɗauki nauyin mutum biyu ko uku, da sharaɗin kowane hutu su dawo su auna su zana tsohon gini ɗaya a Daura, zaure ko soro ko masallacin unguwa, su zauna da mai shi su rubuta wa ya gina, da me, yaushe aka yi masa gyara. Abin da muke da shi a rubuce game da gine-ginenmu, kaso mai yawa aikin wani ɗan ƙasar Folan ne, Zbigniew Dmochowski, wanda ya zaga Najeriya yana aunawa, kuma daga aikinsa aka sami gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Kowace damina wani soro na faɗuwa ba wanda ya auna shi.

Na huɗu shi ne wanda ba a so a ji, kuma shi ya fi muhimmanci: gyara. Kada ku kashe kuɗin duka a gini. Ku gina shaguna biyu ko uku a jikin katangar da ke kallon hanya, ku yi wakafinsu, hayarsu ta tafi asusun gyara da ba a taɓawa don walima ko sayen lasifika. Tsohuwar dabarar Musulmi ce. Asalin babbar kasuwar Istanbul ma an gina ta ne don kuɗin shigarta ya riƙe masallacin Aya Sofiya. A kafa kwamitin unguwa, da mace a ciki, mai duba rufi da magudanar ruwa da sokawe kafin kowace damina. Azuzuwa huɗu masu asusun gyara sun fi shida da ba su da shi.

Akwai kuma wani fanni da ba a cika tunawa ba. A Ingila masu wannan sana'a suna da ƙungiyar jinƙai tun 1850, mai taimakon wanda ciwo ko tsufa ko rashin aiki ya kayar, har da iyalansa. Namu maginin in ya faɗo daga kan tsani ya karye, shi ke nan, sai abin da 'yan'uwa suka kawo. Ƙaramin asusu na jinyar magina da leburorin da suka ji rauni a ayyukanku, da ɗan abin sallah ga tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, zai dace da sunan da gidauniyar ke ɗauke da shi fiye da kowane allo da za a manna a bango.

Abin da ba zan ba ku shawarar zuba kuɗi a kai ba: taron ƙara wa juna sani a otal, gasar zane da ba za a gina abin da ya ci ba, da katafariyar ƙofa mai tayil. Hasumiya mai tsawo ma ku bar ta sai an gama ban-ɗaki.

Takardu kuma kada a raina su. Ku yi wa gidauniyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, don dukiyar ta zama tata, ba ta wani ɗan'uwa ba; yau kuna shiri, amma magada na zuwa. Filin da aka bayar a rubuta kyautar da shaidu da sa hannun mai unguwa da hakimi, a bi ta hukumar filaye, a kai zanen hukumar tsara birane ta amince. Wanda zai sa hannu a zanen ku tabbatar yana da rajista da ARCON, hukumar da dokar 1969 ta kafa don tantance masu wannan sana'a. Reshen jiha na ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, NIA, zai iya nuna muku mambobinsa. In ɗan naka bai kai ga rajista ba tukuna, ya yi aikin a ƙarƙashin wanda ya kai. Kuma kada ya zama shi ne mai zane, shi ne mai sayen kaya, shi ne mai amincewa a biya. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa, don ranar da lissafi ya ƙi fita kada zumunci ya tafi da shi.

In da ni ne, ba zan taɓa ayyukan uku a lokaci guda ba. Zan fara da azuzuwa biyu da ban-ɗakunansu da ma'ajiyar ruwa, in ce wa Yaya ya zo da kansa a watan Afrilu mai zuwa ya shiga ciki, sannan ya shiga ajin da ke maƙwabtaka, ya yanke hukunci kafin a taɓa masallaci da ɗakin shan magani. Zaman jin ta bakin jama'a da zane a yi su cikin damina, lokacin da za a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya a filin. Bulo a fara bugawa bayan an gama girbi, sa'ad da hannu ya samu, a kuma tanadi inuwa da leda, don iskar hunturu tana busar da shi da wuri ya tsattsage. Rufi ya hau kafin ƙarshen Afrilu, a ɗaure shi da rodi har cikin lintal, saboda guguwar farkon damina ita ce ke kwashe kwanon makarantu a wannan yanki.